Aikin ɗakin histoloji: amsa ga ɗalibar da aka ce mata aikin gawa ne

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyyar lafiya, ɓangaren gwaje-gwaje. An tura ni sanin makamar aiki a sashen histoloji na wani asibitin koyarwa, inda ake shirya naman da aka ciro daga jiki don a duba shi a maikroskof, sai na ji aikin ya kwanta mini. Amma ƙawayena suna cewa aikin gawa ne, fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, zai sa mini kansa, kuma ba shi da kasuwa kamar gwajin jini. Me aikin ya ƙunsa, kuma ya dace in riƙe shi?

Amsa: Ƙanwata, bari in fara sallamar maganar gawa, don ita ce mai sauƙi. Kusan duk abin da zai zo teburinki daga jikin masu rai aka ciro shi, mutanen da ke kwance a gadon asibiti ko suke gida suna jiran a faɗa musu abin da ke damunsu. Ƙullutun nono, gutsuren bakin mahaifa, kaluluwar wuya, afendis, maƙoƙo, ƙarin mahaifa, ɗan silin nama daga hanta ko furostet (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza) da bai fi tsinken sakace kauri ba. Gaskiya ne binciken gawa yana ƙarƙashin wannan sashe, shi ya sa sau da yawa ginin yake maƙwabtaka da mutuware. Amma likitoci ne ke yinsa, kuma a Arewa ba kasafai ake yi ba, tunda muna gaggauta jana'iza, dangi kuma ba sa yarda sai in shari'a ta tilasta. Kina iya shafe watanni ba ki taɓa samfur ko ɗaya daga gawa ba.

Abin da ya kamata ki auna kafin ki yanke shawara daban ne. A ɗakin gwajin jini, in samfur ya lalace sai a ce wa majiyyaci ya dawo gobe da safe a sake ɗiba. A nan babu wannan. Ƙullutun guda ɗaya ne, an cire shi, an ɗinke wurin. In ya ruɓe, ko ya ƙone a na'ura, ko lambarsa ta haɗu da ta wani, matar da aka yi wa tiyata ba za ta taɓa sanin ko kansa ce aka cire mata ko ƙari ne mara lahani ba. Duk tsaurin da kika gani a ɗakin nan daga wannan ya taso.

Aikin yana farawa ne tun daga teburin karɓa, wurin da sababbin ma'aikata ke rainawa. Sunan da ke jikin roba, lambar asibiti, da wurin da aka ce an yanko naman, dole su yi daidai da na fom. Fom ya ce nonon hagu, roba ta ce na dama, to a tsaya, a nemo likitan da ya turo. A garin da za ki samu Aisha Muhammad uku a rana ɗaya, suna kaɗai bai isa shaida ba. Sai a ba samfurin lambar ɗakin gwaji, lambar da za ta bi shi har ƙarshe, kuma da fensir ake rubuta ta a jikin kaset (ɗan akwatin roba da ake sa yankin nama a ciki) da gilashin da ake ɗora yankan a kai, domin tawadar biro da ta alƙalamin maka narkewa suke yi a cikin alkohol da zailin, sinadaran da ake bi da naman ta cikinsu.

Daga nan sai fomalin, kuma a nan zan daɗe, domin a nan aka fi kashe mana aiki tun bai iso hannunmu ba. Da zarar an raba nama da jini, sinadaran cikinsa sun fara cinye shi, ƙwayoyin cuta kuma sun shigo, zafin ƙasarmu yana ƙara musu sauri. Fomalin ne ke tsayar da wannan, ya ƙame ƙwayoyin halitta a yadda suke. Wanda ake saye a jarka yana da ƙarfin kashi 37 zuwa 40 cikin 100. Ana ɗibar awo 1 a haɗa da awo 9 na ruwa, shi ne abin da muke kira fomalin kashi 10, sannan a sa gishirin fosfet don kada ya yi tsami. In aka bar shi ya yi tsami, yakan zubar da wani baƙin ɗigo-ɗigo a naman da ke da jini, ɗigon da ke kama ƙwarai da wanda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari. A ƙasar da maleriya ta yi katutu, kin ga ruɗanin da hakan zai jawo a mahaifa ko saifa.

Yawan fomalin ya zama aƙalla ninki 10 na girman naman, kuma bakin robar ya zama mai faɗi. Nama yana shiga kwalba mai ƙaramin baki yana da taushi, ya kwana ya yi tauri, sai an fasa kwalbar. Sannan fomalin ba ya ratsa nama da sauri, kimanin milimita 1 ne a awa, yana kuma ƙara nawa in ya yi zurfi. Saboda haka in an cire nono gaba ɗaya aka jefa a bokiti, bayansa zai ƙame, tsakiyarsa inda kansar take ta ruɓe. Maganin shi ne a tsattsaga shi kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, kowane yanki kamar santimita 1, ba tare da an raba su gaba ɗaya ba, ruwan ya samu hanya.

Me ya sa nono musamman? Domin yanzu bai isa a ce wa mace tana da kansar nono ba, sai an faɗi wace iri. Akwai gwajin da ake yi a kan naman don gano alamomi uku, ER da PR da HER2. Su ne ke nuna ko maganin tamoksifen zai yi mata aiki, ko tana buƙatar tirastuzumab, maganin da tsadarsa kan sa a sayar da gona. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka guda biyu, ASCO da CAP, suka shimfiɗa, wadda ake bi a wurare da yawa, ita ce naman ya shiga fomalin cikin awa 1 da cire shi, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka saɓa, gwajin yana iya nuna babu alhali akwai, a hana mace maganin da zai taimake ta. Ba wanda zai ga kuskuren, domin takardar sakamako za ta fito fes da sa hannu.

Za ki ga abubuwa. Samfur a ruwan gishirin ƙarin ruwa, a sifirit, a ruwan famfo, a leda babu komai. Za ki ga wanda aka sa a firiza da kyakkyawar niyya, ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin halittar. A ƙananan asibitoci akan miƙa wa ɗan'uwan majiyyaci roba a ce ya kai Kano ko Zariya ko Sakkwato, shi kuma kuɗin mota da na gwaji sun yi masa yawa, sai ta kwana biyu a ƙarƙashin gado. Wani ma binnewa yake yi, tunda a saninsa sashen jikin mutum ƙasa ake ba wa, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. A ganina ma'aikacin histoloji da ya san ciwon kansa ba ya zama a ɗaki yana ƙorafi. Yana haɗa fomalin da hannunsa, ya kai tiyata, ya nuna wa ma'aikatan jinya irin robar da ake so. Minti goma na wannan hira ya fi gyaran wata guda a kan maikrotom, na'urar da ke yanka naman siriri.

Bayan naman ya ƙame, likitan fatoloji, wato mai gano cuta ta binciken nama, ko mai neman ƙwarewa a ƙarƙashinsa ne ke dubawa da ido, ya auna, ya kwatanta, ya zaɓi wuraren da za a yanka, kowane yanki milimita 3 zuwa 4. Ke kina gefe kina rubutu, kina shirya kaset. Ƙashi sai an jiƙa shi a ruwan asid ko sinadarin EDTA ya yi laushi kafin wuƙa ta iya da shi. Kaset ɗin sai su shiga na'urar da ke kwana tana aiki. Manufarta a cusa kakin farafin cikin naman don ya yanku, amma kaki ba ya haɗuwa da ruwa. To sai a bi da naman ta alkohol mai ƙaruwar ƙarfi, daga kashi 70 har 100, ya janye ruwan, zailin ya janye alkohol, narkakken kaki a zafin digiri 60 ya maye gurbin zailin.

A littafi abin ya ƙare ke nan. A ƙasarmu kuwa, wuta na iya ɗaukewa da ƙarfe biyun dare, janareta bai tashi ba. In kwandon da ke ɗauke da kaset ɗin ya tsaya a alkohol mai ƙarfi ko a zailin na awoyi, ƙananan samfura sun bushe, su riƙa marmashewa a bakin wuƙa. In ya tsaya a sama tsakanin tulun sinadari biyu, iska ta busar da su, wannan ya fi muni. Shi ya sa nake cewa duk wanda bai iya wannan aiki da hannu ba, da kwalabe a jere da agogo, bai gama koyo ba. Ɗakin da ya samu inbata ko sola, wannan na'ura ce ta fi cancanta a fara jona mata, kafin fankar ofis.

Da safe sai binne naman a kaki, a yi bulok. Kamar wasa ne ga mai kallo, amma a nan ake gane mai ilimi. Fata a gefenta ake tsayar da ita don wuƙa ta ratsa duka hawa-hawanta. Abu mai kama da bututu, irin afendis ko hanyar ƙwai, a tsaye ake sa shi don a ga zagayensa. Bangon hanji ma a gefe. In kika kwantar da abin da ya kamata ya tsaya, likita ba zai iya faɗin zurfin da kansa ta ci ba, kuma zurfin nan shi ne ke raba wanda tiyata ta ishe shi da wanda sai an ƙara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Kaset ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, a goge hantsaki kafin a taɓa na gaba.

Sai maikrotom, inda hannu ke magana. Kaurin da ake so maikron 3 zuwa 5 ne. Maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, ƙwayar jini ja ma ta kai maikron 7. Kina juya hannun na'ura a hankali kuma daidai, yanka yana manne wa yanka har su yi zare, ki ɗauka da buroshi ki shimfiɗa a kan ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 45, ya miƙe, ki tsamo da gilashi. Ruwan ya yi sanyi, naman ya yamutse. Ya yi zafi, ya watse. Wuƙa mai tsaguwa tana jan layi a kowane yanka, bulok da bai ɗauru da kyau ba yana ba da mai kauri da siriri bi da bi.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin a nan. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, kakin da ke narkewa a 56 zuwa 58 ya riga ya yi laushi a hannunki, sai cukurkuɗewa yake yi. Ƙanƙara ta zama kayan aiki daidai da wuƙa, bulok yana kanta har lokacin yankansa, kuma masu dabara da sassafe suke yanka. Da hunturu kuma iska ta bushe, zaren ya riƙa tashi yana manne wa ƙarfe da safar hannu, ƙura tana sauka a kan ruwa. Tsofaffin ma'aikata kan hura wa bulok numfashi kaɗan don ya samu laima. Yana aiki, ko da yake ban cika son ganin fuska kusa da wuƙa ba.

Abu biyu nake so ki riƙe game da wannan teburi. Na farko, share saman ruwan da takarda bayan kowane bulok. Ɓarɓashin kansar mutum ɗaya yana iya yawo a kan ruwa ya hau gilashin wani, a ce wa mai lafiya yana da kansa. Na biyu, kada ki yi ta fiƙe bulok kina neman kyakkyawar fuska. Silin furostet ko gutsuren ciki da aka ɗauko da na'urar leƙa ciki ɗan mitsitsi ne, juyi kaɗan na ganganci ya cinye shi, kuma wataƙila gobe likita ya nemi a ƙara zurfi ko a yi wani rini.

Rinin yau da kullum shi ne hematoksilin da iyosin. Na farkon, wanda ake samu daga wata bishiya ta Meksiko da Amurka ta Tsakiya, yana rina cibiyar ƙwayar halitta shuɗi, na biyun ya rina sauran ruwan hoda. Sai a rufe da siririn gilashi. Rini na musamman kuwa cututtukanmu ne ke kiransa. Zil-Nelsin don tarin fuka a kaluluwa, Wed-Fait don kuturta, PAS da Gurokot don fangas, Mason don tabon hanta da ciwon hanta nau'in B ke bari, Jimsa don ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki. Kowanne sai an haɗa shi da gilashin shaida, wato naman da aka tabbatar yana da abin da ake nema. In shaida bai kama ba, "ba a gani ba" ɗinki ba ta da ma'ana. A yankunan madatsun ruwa da noman rani za ki riƙa ganin ƙwan tsargiya a mafitsara, wani lokaci har a afendis, kuma tsargiyar da ta daɗe tana da alaƙa da kansar mafitsara.

Karanta gilashin da sa hannu a sakamako aikin likitan fatoloji ne, wanda ya yi karatun likita sannan ya ƙware. Kin san akwai tsamin dangantaka tsakanin likitoci da masana kimiyyar gwaje-gwaje a asibitocin Najeriya kan wa ke shugabantar ɗakin gwaji. Wannan rigima ta ƙungiyoyi ce, kada ki kai ta kan teburi. Likitan da ya fi kowa ilimi ba zai ga abin da ba ki fito masa da shi ba, ke kuma ba za ki gane aibin yankanki ba sai ya nuna miki a maikroskof. Sannan bakinki. Za ki ga sunan maƙwabciya ko surukar ƙawarki a rajista da kalmar kansa a gabansa, tun ita ba ta sani ba. Ba ke ce mai faɗa ba, ko da alama.

Maganar fomalin, ƙawayenki ba su yi ƙarya ba, sun dai faɗi rabi. Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, da ke Liyon a Faransa ta sa fomaldihaid, sinadarin da ke cikin fomalin, a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa a 2004, saboda kansar bayan hanci, daga baya aka ƙara kansar jini. Amma haɗarin yana tafiya ne da yawan shaƙa da tsawon shekaru. A ɗakin da ke da na'urar zuƙe tururi, tagogi a buɗe, robobi a rufe, abin da ake shaƙa kaɗan ne. Takunkumin tiyata ba ya tare tururin fomalin, kada ki yaudari kanki da shi. In idonki na hawaye, maƙogwaro na ƙaiƙayi, iskar ɗakin ba ta isa ba, kuma haƙƙinki ne ki faɗa. Safar hannu dole ce. Likitan Jamus Ferdinand Blum ya gano amfanin fomalin a 1893 ne da ya ga fatar yatsunsa ta yi tauri bayan ya taɓa shi. Zailin yana sa ciwon kai da jiri, yana busar da fata. In Allah ya kawo juna biyu, ki sanar da shugaban sashe da wuri a janye ki daga teburin yanka ɗanyen samfur da na zailin. Raunin da ya fi yawa kuwa wuƙar maikrotom ce, kulle hannun na'ura duk lokacin da yatsunki za su kusanci bulok. Ciwon wuya da kafaɗa ma suna zuwa da shekaru.

Kasuwa kuma, gaskiya ba kamar jini ba ce. Mai gwajin maleriya da taifod yana iya buɗe ɗan shago da maikroskof ɗaya in ya cika sharuɗɗa. Histoloji na buƙatar na'urori masu tsada, wuta tsayayya, da likitan da zai karanta, saboda haka guraben suna manyan wurare ne, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, cibiyoyin lafiya na tarayya, da wasu manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Guraben ba su da yawa, amma masu hannu mai kyau sun fi su ƙaranci, domin ɗalibai da yawa suna gudun sashen saboda irin maganganun da aka yi miki. Akwai kuma gwajin bakin mahaifa na Pap da na tsotso ƙwayoyin halitta da allura, duka a wannan sashe suke, kuma mata da yawa sun fi sakin jiki in mace suka tarar.

Da takardar MLT, wato shaidar mataimakin ma'aikacin gwaje-gwaje da kwaleji ke bayarwa, za ki yi rajista da MLSCN, hukumar da ke kula da aikin gwaje-gwajen lafiya a Najeriya, wadda dokar 2003 ta kafa, ki yi aiki a ƙarƙashin kulawar masanin kimiyyar gwaje-gwaje. Matakin albashinki a tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS yana ƙasa da nasa, hawan ma yana da iyaka. In da hali, ki nemi digirin kimiyyar gwaje-gwajen lafiya, wato BMLS, shekara 5 ne da shekara 1 ta horon aiki, ana yinsa a Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da wasu jami'o'in, kuma a ƙarshensa ake zaɓar histofatoloji a matsayin fanni. Digirin kuma yana buɗe ƙofar waje ga mai sha'awa, rajista da HCPC, hukumar ma'aikatan lafiya ta Birtaniya, ko jarrabawar ASCP, ƙungiyar masana fatoloji ta Amurka.

A makonnin da suka rage miki a sashen, ki roƙi babban ma'aikaci ya ba ki tsofaffin bulok da aka ware don koyo, ƙarin mahaifa mai tauri da nama mai kitse, don su ne masu gardama. Ki yanka, ki rina da hannunki, ki kai gilashin maikroskof ki nemi naɗewa da layin wuƙa da kumfar iska da kanki kafin wani ya nuna miki. Ki nemi izini ki zauna kusa da likita ranar da yake karatu ko sau ɗaya a mako. Ki kuma lura da kanki wajen bulok na talatin a rana, lokacin da baya ya gaji, ko har yanzu kina duba lambar kaset da ta gilashi kafin ki tsamo yankan daga ruwa. In kina dubawa ba tare da an tsaya a kanki ba, ki nemi gurbin.